Tarin da ya zauna a ƙirji, mu daina rufe shi da sirof

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato tarin nan da ke zama a ƙirjin babban mutum wata da watanni har mutanen gida su saba, a riƙa cewa ai wane dama haka yake, tarinsa ne. Wallahi wannan sabon ne ke cutar da mu. A wajen likitoci idan tari ya wuce sati 8 a jikin babba to ya zama mai daɗewa, amma a ƙasa irin tamu da tarin fuka, wato tibi, ya yi katutu sati 2 ma ya isa mutum ya kai kakinsa a gwada. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tibi a duniya, kuma gwajin kaki da na'urar GeneXpert da maganin wata 6 duk kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke wannan aiki, amma har gobe kemis muke fara nufa, a ce "ba ni na tari", a miƙo sirof da kafso, a sha kwana biyar ya ɗan lafa ya dawo a sake komawa. Ko da gwamnati ta hana sirof mai kodin a 2018 ɗabi'ar ba ta canza ba, kwalbar ce kawai ta canza.

Amma abin da ya fi sa ni rubutun nan shi ne waɗanda suka je asibitin, suka sha maganin tibi har ƙarshe, aka ce sun warke, tarin kuma bai tafi ba. Gwaggona na cikinsu. Ta gama wata shidanta ba fashi, gwaji ya nuna ba ƙwayar cuta, amma kullum da asuba sai ta yi ta tari tana fitar da kaki kafin ta iya tada sallah, in hunturu ya shigo da ƙurarsa kuwa abin sai addu'a. Aka ware mata kofi da kwano, jikoki aka hana su shiga ɗakinta, wasu ma suka ce ai ba ta sha maganin ba ne ɓoyewa take yi. Sai da muka samu likitan ƙirji ya duba hoton eksire sannan ya yi mana bayani cewa cutar ta mutu amma ta bar tabo a huhu, hanyoyin iska sun buɗe sun saki shi ya sa kaki ke taruwa. Ba ta ɗauke da abin da za ta shafa wa kowa. Ranar ta yi kuka, ba don ciwon ba, don wariyar da ta sha a gidanta.

Irin wannan mutum zai iya yin shekaru masu yawa yana harkarsa in an koya masa yadda zai riƙa fitar da kakin, ya nisanci hayaƙi, ya garzaya asibiti da zarar zazzaɓi ya zo ko kakin ya canza launi. In kuma aka ga jini ko rama ko gumin dare to a sake gwaji domin tibi na iya dawowa. Amma wa ke gaya musu? Ana cika kati a ce Allah ya ƙara lafiya shi ke nan.

Kuma ba kowane tari ne tibi ba fa. Da yawa daga cikin iyayenmu masu hawan jini suna shan lisinopril ko captopril, magungunan nan suna sa wasu busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, in likita ya canza musu wani sai ya tafi cikin 'yan makonni, amma mutum zai shekara yana shan zuma da citta bai san daga ƙwayar da yake haɗiya kullum ba ne (kada dai kowa ya daina maganinsa da kansa, ya koma wajen likita). Akwai na asma, akwai na ƙwannafi, akwai na majinar da ke gangarowa maƙogwaro, duk waɗannan in an gano su ana samun sauƙi sosai. Mai shan taba ko shisha in ya daina ma tarin na raguwa.

Waɗanda nake jiye wa tsoro su ne matan da suka ƙare rayuwarsu a gaban murhun itace cikin madafi marar taga, da samarinmu masu fasa dutse da haƙar zinare. Ƙurar dutse in ta shiga huhu ba ta fita, tana ƙara jawo tibi, mutum yana ɗan shekara arba'in sai ka ga ba ya iya hawa tsani sai ya tsaya yana haki. Sannan akwai abin da mata ba sa faɗa saboda kunya, tari mai ƙarfi na sa fitsari ya kuɓuce, mace ta yi ta sake alwala tana canza zani ita kaɗai ta san halin da take ciki, ga rashin barci ga ciwon haƙarƙari.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu, duk wanda ya gama maganin tibi a ba shi ranar dawowa a sake duba ƙirjinsa, kuma a samar da na'urar auna ƙarfin numfashi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi ba sai an zo Kano ko Zariya ba. Ku kuma 'yan jarida kada ku jira sai 24 ga Maris ranar tarin fuka ta duniya, ku riƙa kawo likitocin ƙirji suna yi wa mutane bayani da Hausa, musamman kafin sanyi ya kankama.

Na gode.

Mai karatunku daga Kano