Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta masu saran itace da sayar da shi a Maraɗi

Assalamu alaikum. Dattawanmu, iyayenmu mata masu kasa itace a ƙofar gida, masu amalanke, da samarin da ke shiga daji, ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a gaban kowa ranar taro. Ni nawa labarin aiki ne, kuma rabinsa labarin injin zarto ne, domin shi ya ci mana lokaci, ya ci mana aljihu.

Kun tuna a taron bara aka yarda a taɓa asusu a sayi inji. Da muka je kasuwa sai muka tarar da iri biyu masu launi ɗaya da suna ɗaya a jiki, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Muka ɗauki mai araha, kuma ni ma ina cikin waɗanda suka ce a ɗauka. Araha ba ta ado. Bai kai ƙarshen sanyi ba ya tsaya cik. Sai dai kada mu ɗora wa injin laifin duka. Da makanike ya kwance shi a gabanmu, fistan ɗin ya yi zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Ya shinshina tankin ya dube mu, bai ce komai ba. Ashe wani yaronmu ne man gauraye ya ƙare masa a wajen aiki, ya sayi esansi na kwalba a bakin hanya ya zuba zallansa. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba man inji daban kamar mota. Man da ke sa cikinsa santsi a cikin esansin yake tafiya. Kamfanonin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin awo ɗaya suke bayarwa: kashi 50 na esansi, kashi 1 na man da aka yi don irin injin, wato mililita 100 a lita 5. Yanzu mutum ɗaya ke haɗawa, a jarka mai alama, kuma ba ma haɗa abin da zai wuce wata guda a ajiye, saboda yana lalacewa.

Na biyu da muka saya na asali ne, matsakaici, ƙarfen da sarƙa ke zagayawa bai wuce santimita 50 ba. Wasu sun so babba. Kwamiti ya ƙi, don babban inji nauyi ne a hannu da shan mai, alhali kututturan da muke samu ba na kurmin kudu ba ne. Kafin mu biya sai da muka tabbatar ana samun sarƙarsa da bujinsa da matatar iskarsa a nan gari, ko a Katsina in ta kama. Duk wanda zai sayi nasa na kansa, wannan tambayar ya fara yi kafin ya tambayi kuɗi.

Sarƙa ita ta fi koya mana hankali. Ƙasarmu ta rairayi ce, iskar hunturu tana cusa yashi cikin ɓawon itace, ga gara da ke lulluɓe busasshen gungume da jar ƙasa. Sarƙa ta taɓa wannan sau ɗaya, kaifinta ya tafi. Alamar a fili take: mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar dusa, sai ka ga mutum yana danna inji da ƙarfi, hayaƙi na tashi. Mun sayi magagari mai zagaye daidai girman haƙoran, ana wasa su a karkace kamar digiri 30, kowane haƙori da adadin gogawa ɗaya. Ƙiryar nan da maƙera ke so saboda gawayinta, da marke, ba sa jiran a gama tanki kafin su nemi wasi. Mun kuma hana zuba baƙin man da aka juye daga mota a wurin man sarƙa. Na san ana yi, na san kyauta ake samu, amma dattin ƙarfen da ke cikinsa yana cinye famfon man da ƙarfen kansa. Matatar iska kuwa, a lokacin ƙura da hazo kullum ake kakkaɓe ta da yamma.

An samu rauni ɗaya, Allah ya taƙaita. Wani ɗan uwanmu yana datsa reshen dogon yaro, kan ƙarfen ta sama ya taɓa wani reshe da bai gani ba, injin ya yi tsalle ya dawo masa. Birkin sarƙa ya kama, shi ya sa abin ya tsaya a kafaɗa, aka ɗinke a asibiti, ƙungiya ta biya magani. Da na farkon ne, wanda birkinsa ado ne kawai, da wani labarin muke yi. Tun daga ranar ba mai riƙe inji da silifa, ba mai ɗaga shi sama da kafaɗa, ba mai aiki shi kaɗai.

Sai maganar da ta fi jawo gardama. Kwamiti ya yanke cewa injin ƙungiya ba zai shiga daji ya sare ɗanyen itace ba, kuma wasu samari sun ji haushi. Dalilinmu shi ne geza da sabara da taramniya, waɗanda su ne yawancin abin da muke kasawa, gatari ya ishe su, in an sare su da kyau kuma suna tohowa daga kututture. Inji yana yin aikin kwanaki a wuni ɗaya, dajin kuwa bai ƙara saurin tsiro ba don mun sayi inji. Wanda ya san dajin Baban Rafi a kudancin Madarunfa shekaru ashirin da suka wuce ya san abin da nake nufi. Aikin injinmu a bana shi ne manyan busassun gungumomi, da dogon yaron da iskar farkon damina ta kayar a cikin unguwanni, bayan an karɓo izini.

Game da izinin: tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, da dokar gandun daji ta 2004, mai ɗauko itace zuwa birni sai da takarda. An tsare amalanken membobinmu fiye da sau ɗaya a bana. Inda takarda ta cika, mun je mun tsaya musu har aka sake su. Inda aka samu ɗanyen gawo a ƙarƙashin lodi, ba mu je ba, kuma ba za mu je ba. Ga kuma matsalar tsaro ta wajen iyaka, wadda ta sa muka ce a daina kwana a daji.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne gonaki. Sassaben zamani, da aka fara a nan yankinmu wajajen 1983 lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ke aiki da manoma, ya sa mai gona yana barin toho biyu ko uku a kan kututture yana rage sauran. Rassan da ake ragewa su muke saye kafin shuka, kusa da gari, ba fargaba. Mun ƙulla da manoma a hanyar Tibiri da ta Dakoro, muna so a faɗaɗa.

Kasuwa dai ta ragu a gidajen ma'aikata. Tun da matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta fara aiki a 2011 tukunyar gas ke ta shiga gari. Masu burodi, masu tsire da masu abincin sayarwa su ke riƙe da mu, kuma busasshe suke so. Saboda haka muka ɗaga tarin itacen ƙungiya a kan duwatsu, muka rufe samansa kafin ruwa ya sauka. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, mun yi dashe kamar kowace shekara, awaki kuma sun yi nasu aikin kamar kowace shekara, don ba mu kewaye da ƙaya ba.

Abu biyu ke jiran ku ranar taro. Na farko, ko za a riƙa ba wanda ba memba ba hayar inji. Kwamiti ya rabu biyu a kai. Na biyu, gawar injin farko tana nan a shagon makanike, ya ce zai saya don kayan gyara. Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata su zo da shi a hannu, don sarƙar da ke kai yanzu haƙoranta sun kusa ƙarewa.

Magatakarda, a madadin kwamiti.