Allurar Botox don ciwon gwiwa: a bincika kafin a kai iyayenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wata allura da ake tallatawa a matsayin maganin ciwon gwiwa. Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma yau shekara 6 ke nan tana salla a kan kujera, domin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwarta ya zaizaye, ciwon da mutanenmu ke kira amosanin gaɓɓai ko sanyin ƙashi. A watan jiya ƙanwata ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, inda wani mutum ke cewa allura ɗaya ta Botox a cikin gwiwa tana kawar da ciwon, har ta ce mu haɗa kuɗi mu kai Hajiya. Na ce ta dakata in bincika tukuna, kuma abin da na gano ne nake son masu karatu su sani.

Botox suna ne na kasuwanci, amma asalinsa dafi ne da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, irin wanda kan gurɓata abincin gwangwani ya shanye jikin wanda ya ci. Idan aka tace shi aka yi amfani da ɗan ƙanƙanin kaso, yana hana jijiya isar da saƙo ga tsoka, sai tsokar ta saki na tsawon wata uku zuwa huɗu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1989 don harara-garke da ƙiftawar ido marar tsayawa, a 2002 don gyaran yamutsewar fatar da ke tsakanin gira biyu, sannan a 2010 don ciwon kai na ɓari ɗaya mai yawan dawowa. Magani ne na gaske a inda aka tabbatar da amfaninsa, sai dai ciwon gaɓɓai ba ya cikin abubuwan da hukumar ta amince a yi masa shi.

Masu bincike sun yi tunanin cewa tunda dafin yana rage sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙon zafi da su, wataƙila zai sauƙaƙa raɗaɗi idan aka zuba shi cikin gaɓa, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ɗan sauƙi na gajeren lokaci. Amma da aka yi gwaji mafi tsauri, aka yi wa wasu majinyata allurar Botox, wasu kuma allurar ruwan gishiri ba tare da sun san wadda aka yi musu ba, sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta ba. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar kada a yi wannan allura don ciwon gwiwa ko na ƙugu. Ko da ta rage zafi, ba ta mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye, wanda shi ne tushen wahalar durƙuso da miƙewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin da muke ciki. Tun 2009 aka tilasta wa masu yin maganin su rubuta gargaɗi a kwalinsa cewa dafin kan iya yaɗuwa daga inda aka yi allurar, ya hana haɗiya ko numfashi. Sai an ajiye shi cikin sanyi, mu kuwa kowa ya san yadda wutar lantarki take. A 2024 ma jabunsa ya kwantar da mutane a asibiti a Amurka, balle a nan inda ake soka wa tsoho allura a bayan kantin magani. Allura a cikin gaɓa kuma, idan hannu ko kayan aiki ba su da tsabta, tana iya sa gwiwa ta yi ruwa ta lalace gaba ɗaya.

Ba na ganin laifin ƙanwata, domin duk wanda ya ga uwarsa tana dafa bango kafin ta kai bakin ƙofa zai kama duk igiyar da aka miƙo masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo, mafi yawansu mata, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Abin da aka tabbatar yana taimakawa ba shi da armashin talla: motsa jiki da ke ƙarfafa tsokar cinya, rage ƙiba, riƙe sanda, man shafawa mai rage kumburi, da tiyatar sauya gwiwa idan abin ya yi tsanani. Mu dai mun yanke shawarar kai Hajiya sashen ƙashi na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a duba ta a kuma koya mata atisayen da ya dace da shekarunta.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da ta sa ido a kan masu shigo da wannan dafi da masu tallarsa, ina kuma roƙonka, ya Edita, ka gayyato likitan ƙashi ya yi wa masu karatu bayanin wannan allura da Hausa a shafinku na lafiya.

Naka mai karatu,
Daga Tudun Wada, Zariya