Asirin wa muke rufawa in an taɓa yaranmu 'yan makaranta?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, abin nan ya daɗe yana ci na a rai.

'Yar ƙanwata ce, shekararta 16, tana SS2. Yarinya mai surutu kamar rediyo, kawai sai muka ga ta yi tsit, abinci sai an matsa mata, da safe in an ce ta sa yunifom sai ta ce kanta ke ciwo. Uwar har ta fara zancen a kira mai ruƙiya. Ashe wani malaminsu ne ya karɓi lambarta wai zai sa ta a guruf ɗin darasi na WhatsApp, daga nan sai saƙo tsakar dare, "kin yi bacci?", "turo min hotonki ba hijabi", ran nan kuma ya ce ta tsaya bayan an tashi ta taya shi haɗa maki, ya tura ƙofar ofis ya fara kai mata hannu, Allah ya taimaka mai shara ta ƙwanƙwasa. Ni da idona na ga saƙonnin, hannuna har rawa yake.

To wallahi abin da ya fi ƙona min rai namu ne na gida. Da aka zauna, babban yayanmu cewa ya yi a rufa asiri, in magana ta fita wa zai aure ta. Aka canza mata makaranta, shi ke nan. Shi kuwa malamin yana nan da allinsa a gaban 'ya'yan wasu. To asirin wa aka rufa in ba nasa ba?

Kuma ba mata kaɗai ba fa, yara maza a makarantun kwana ma ana lalata su, su ko faɗa ba sa yi don tsoron gori. A Islamiyya ana koya wa yaro hukuncin janaba da haila ba a ɓoye komai, amma mu a gida kunya ta hana mu ce masa kar ka yarda kowa ya taɓa maka nan, ko malami ne ko kawu ne ko mai adaidaita, in an taɓa zo ka gaya min ba zan dake ka ba. Wannan "ba zan dake ka ba" ɗin ita yaran ke jira su ji.

Iyaye da yawa ba su san akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala ba, wadda aka buɗe don waɗanda aka yi wa fyaɗe. In abin ya kai ga haka kar a yi wa yaro wanka, kar a wanke kayan jikinsa, a garzaya asibiti, don maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Akwai ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, a Kano, ga Hisba, ga lauyoyi mata na FIDA, ga dokar kare yara da gwamnatin jiha ta sa wa hannu a 2023. Don Allah Edita ku riƙa buga wannan bayani akai-akai, shugabannin makarantu kuma su ware malama ɗaya da yara za su iya kai wa ƙara ba tsoro.

Jiya da daddare yarinyar ta tambaye ni, "Anti, ni na jawo ko?" Na ce mata a'a, na maimaita mata har sau uku, amma na ga alamar ba ta yarda ba tukuna.

Daga wata uwa, Ɗorayi, Kano.