Wiwin Ondo daban, na Kano daban, na Kanada ma daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan tabar wiwi. Duk sanda maganar ta taso, sai ka ji wasu na cewa Arewa ce matattarar mashaya a ƙasar nan, wasu 'yan boko kuma na cewa tunda Kanada da Jamus sun halatta, mu me muke jira? Ni ba likita ba ne, ba kuma jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba. Fataucin goro na tashi na tarar a gidanmu, shi ya kai ni Shagamu da Ore da Ondo har Kumasi. Abin da idona ya gani shi ne, ganyen ɗaya ne, amma mai shan, da yadda yake sha, da abin da ke biyo baya, kowane wuri da nasa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha wani abin maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka busa. Da aka karkasa shaye-shayen shiyya-shiyya, Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin ɗari, Kudu maso Kudu na bi mata da 16.6. Tamu Arewa maso Yamma kashi 12 aka ba ta, Arewa ta Tsakiya 10. Ina da ja kaɗan a kan namu lissafin, don ban san magidancin da zai tsaya a zaure ya gaya wa baƙo mai biro da takarda cewa ɗansa na shaye-shaye ba. Duk da haka, wanda ya san Kudu ba zai yi mamaki ba.

A can wiwi amfanin gona ne. A dazuzzukan Ondo da Edo da Ekiti da Osun da Delta ake noma shi, galibi a cikin gandun dajin gwamnati, a sare itatuwa a shuka. A ƙauyukan da muke sayen goro, lebura zai gama loda kwanduna, ya zauna a kan tayar mota, ya ciro takarda ya naɗa, ya lashe gefenta da harshe ya kunna, mai sayar da abinci na gefensa tana zuba wa mutane teba, ba wanda ya ɗaga kai. A tasha kuwa 'yan kamasho da shi suke karya kumallo. Araha ce da shi saboda gonar na bayan gari. Shi ya sa lokacin da marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu ya je Tailan a 2019 ya dawo yana neman a ba da izinin noma shi don haɗa magani, mutanensa da yawa lissafin kuɗin shiga suka gani. Mu a nan kuwa sai salati. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, da ya hau a 2021 ya ce ba da shi ba.

Kada a ɗauka namu hannun a wanke yake. Akwai yaranmu 'yan ci-rani da ke ƙwadago a waɗannan gonaki, akwai kuma direbobinmu da ke cusa buhuna a ƙarƙashin kaya su biyo ta Okene da Lokoja, ko ta Jebba da Mokwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

In ya iso Arewa sai ya sauya kama. A nan ɓoyo ake yi: kango, bayan makarantar firamare da daddare, bakin kududdufi, har maƙabarta. Kuma da wuya ka ga yaron da ya tsaya a kan wiwi kaɗai. Zai haɗa da roci ko tiramol, wanda aljihunsa bai kai ba ya shaƙi sholisho. Wannan haɗe-haɗen ne ke haifar da abin da muke gani a rikicin daba, da lokacin zaɓe idan 'yan siyasa suka raba wa 'yan jagaliya kuɗin "aiki". Akwai wani yaro a layinmu da na sani tun yana rarrafe, gwanin ɗinki, hular da ya yi wa aiki sai ka rantse daga Bama aka kawo ta. Yau yana zaune a ƙofar gidansu cikin riga biyu da zafin nan, yana magana da bango. Mahaifiyarsa ta daɗe tana cewa sammu ne, alhali duk samarin layin sun san dilan da yake saye a wurinsa. Ba ta yarda an kai shi asibiti ba sai da ya fara ɗaga wa ƙannensa almakashi.

Sai batun mata, wanda ba a cika faɗa ba. Binciken nan ya nuna maza sun ninka mata sau da yawa a shan wiwi, amma a maganin tari mai kodin kusan kunnen doki suke. Dalilin a fili yake. Matar aure ba za ta kunna abin da warinsa zai kai ɗakin kishiya da zauren maigida ba, amma kwalba ana juye ta a robar lemo, shi ke nan. Gwamnati ta hana haɗawa da shigo da wannan magani a watan Mayun 2018, sai dai tsada ya ƙara, bai ɓace ba. Duk wanda ya auna matsalar Kano da awon wiwi kawai, ya bar rabin gidan a baya.

'Ya'yan masu kuɗi a Legas da Abuja su ma nasu daban ne. Sun raina na Ondo, sai wanda suke kira Loud, da ake kamawa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can cikin kwantenar motocin Kanada, da Colorado da ake fesa wa sinadarai. Makamancin wannan haɗin, mai suna kush, shi ya sa shugaban Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024.

Yanzu ga masu kafa hujja da ƙasashen waje. Ɗan ƙanena na karatu a lardin Ontariyo na Kanada, inda aka halatta tun Oktoban 2018. Ya ce shago ne mai lasisi, ba ka shiga sai ka nuna shaidar ka kai shekara 19, ƙarfin abin a rubuce yake a jikin leda, kuma doka ba ta yarda ka fita da fiye da giram 30 ba. Jamus da ta bi sahu a Afrilun 2024 giram 25 ta yarda a riƙe a waje da shuka uku a gida, ba ta buɗe shagunan sayarwa ba. Amurka ma kanta a rabe yake: jihohin Kolarado da Washinton suka fara a 2012, wasu suka biyo baya, amma a jiha irin Aidaho har gobe laifi ne. A Afirka ta Kudu, kotun tsarin mulki a 2018 shan mutum a keɓe ta halatta, ba ciniki ba. Ghana da ake yawan ambata, dokarta ta 2020 noman nau'in da ba ya bugarwa ta shafa, don masana'anta da magani, shi ma da lasisi. Tailan ɗin da Akeredolu ya je koyo ta saki abin a 2022, shaguna suka cika Bankok, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. A Singafo kuwa an rataye mutum a 2023 kan kilo ɗaya, Saudiyya ma takobi ne hukuncin mai safara. Wanne daga ciki ake so mu kwaikwaya?

A wurin Musulmi magana a rufe take, duk abin da ke gusar da hankali haramun ne. Ko an ajiye wannan, ƙasar da yaro ɗan shekara 12 zai shiga kyamis ya sayo ƙwaya ba takardar likita, wa zai tsaya duba shekarun mai sayen wiwi? Ba kuma ina cewa tsananin hukunci ne magani ba. Dokar soja ta 1966 kisa ta tanada ga mai nomawa da ɗaurin shekara 10 ga mai sha, gonakin kuma ƙaruwa suka yi. Abin da muka rasa a Arewa wurin kai yaro ne tun abin bai yi nisa ba. Asibitocin masu taɓin hankali na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri mutum nawa za su ɗauka? Rashin haka ne ya cika gidajen mari da aka fasa a Kaduna da Daura a 2019, inda aka tarar da mutane cikin sarƙa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, idan NDLEA ta fitar da sanarwar kame, wakilanku su riƙa tambaya: daga wace jiha kayan suka taso, wane iri ne, ina za a kai su, kuma yaran da aka kama da ƙulli ɗaya ina suke ƙarewa? Ku tura ɗan jarida ɗaya Ogbese a jihar Ondo, ɗaya kuma ya wuni a layin ganin likita a Dawanau, ku buga rahotannin biyu a shafi ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwar goro,
Mariri, Kano