Masu Zuwa Hutu Tsibirin Lombok, Ku San Halin Dutsen Rinjani Kafin Ku Sayi Tikiti

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan'uwa da suka fara karkata zuwa tsibiran Indunusiya don hutu, musamman sababbin ma'aurata. Bali aka fi sani, amma Lombok da ke gabas da ita ta fi yi wa Musulmi daɗin zama. Mutanenta, ƙabilar Sasak, galibinsu Musulmi ne, har ana yi mata kirari da tsibirin masallatai dubu, kuma abincin halal ba sai an sha wahalar nema ba. Abin da ya dame mu shi ne, masu tallar tafiyar teku da farin yashi kawai suke nunawa, ba sa gaya wa mutum cewa dutsen nan da ke bayan hoton yana raye.

Sunansa Rinjani, tsayinsa mita 3,726, shi ne na biyu a tsayi cikin duwatsu masu aman wuta na Indunusiya. A cikin ƙaton ramin da ke kansa akwai tafkin Segara Anak, a gefen tafkin kuma akwai ƙaramin dutse, Barujari, wanda shi ke yin aman a zamanin nan. A watan Nuwamban 2015 tokarsa ta sa aka rufe filayen jirgin sama na Lombok da Bali na kwanaki, dubban matafiya suka maƙale.

Wannan toka ba irin ta murhu ba ce. Niƙaƙƙen dutse ne mai kaifi kamar garin gilashi. In ta shiga injin jirgi sai zafi ya narkar da ita, ta daskare a ciki ta toshe shi. A 1982 wani jirgin Ingila ya ratsa tokar dutsen Galunggung a tsibirin Java na Indunusiya, injinansa huɗu duka suka mutu a sama kafin Allah ya sa suka sake tashi. Shi ya sa kamfanonin jiragen sama ba sa wasa da ita, ko da kai a ƙasa kana ganin gari garau. Don haka a bar kwana biyu ko uku rara a ƙarshen tafiya, a sayi tikitin da ake iya sauya wa rana, kuma a koma Jakarta ko duk inda babban jirgin zai tashi tun ana gobe. Idan an rufe sama, akwai jirgin fito daga tashar Lembar a Lombok zuwa Padang Bai a Bali, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. In toka ta sauko a gari, a sa takunkumi mai kauri irin N95, a daina murza ido, a wanke shi da ruwa mai tsabta. Mai asma ya zauna a ɗaki, maganinsa a kusa.

Hukumar da ke sa ido kan duwatsun ƙasar tana da matakin gargaɗi huɗu: Normal, Waspada, Siaga, sai Awas wanda shi ne mafi tsanani. Ana ganin matsayin kowane dutse a manhajar MAGMA Indonesia. A duba kafin a biya kuɗin masauki, a sake dubawa ranar tashi. Idan an shata iyaka an ce kada a matsa kusa da bakin ramin, to kada wani jagora mai son kuɗi ya ce maka ya san wata hanya ta baya.

Lokacin tafiya ma ana yawan kuskurensa, domin yanayinsu kishiyar namu ne. Lokacin da muke cikin damina, daga Mayu zuwa Oktoba, su rani suke yi, kuma shi ne lokacin zuwa. Hutun Disamba yana faɗawa tsakiyar ruwansu, kuma bisa al'ada ana rufe hanyoyin hawan dutsen daga Janairu zuwa ƙarshen Maris saboda santsi da zaftarewar ƙasa.

Mai niyyar hawa, a nan muke so ya natsu. Manyan ƙofofin su ne Sembalun da Senaru, kuma wanda ke son ƙololuwa ta Sembalun yake bi. Yini guda ake tafiya zuwa bakin ramin, sama da mita 2,600, a kwana a tanti, sannan wajen ƙarfe biyu na dare a tashi. Zangon ƙarshe tsakuwa ce da toka mai zamewa, ka yi taku biyu ka koma ɗaya, ga kwazazzabo hagu da dama. A watan Yunin 2025 wata matashiya 'yar Brazil ta zame a wannan hanya ta rasa ranta. Sanyin can sama yana kusan kai wa ga daskarar da ruwa, ya wuce na hunturun Jos nesa ba kusa ba, amma sai ka ga mutum ya taho da 'yar riga don an ce masa ƙasar zafi ce. Ana buƙatar rigar sanyi mai kauri, safar hannu, hular sanyi, takalmi mai gurzar ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, tocilar goshi da batir na canji, sandar dogarawa, da ruwan sha aƙalla lita uku a yini. Ciwon kai mai tsanani da amai da jiri alamar ƙarancin iska ce, maganinta saukowa, ba ƙwaya ba. A ɗauki jagora mai rajista, a kuma karanta takardar inshora da kyau, domin wasu ba sa biyan haɗarin da ya faru sama da mita 3,000. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, ko ya tsaya a magangarar ruwan Sendang Gile kusa da Senaru. Kyanta ya isa.

Sai girgizar ƙasa. A ranar 5 ga Agustan 2018 an yi wata mai ƙarfi a arewacin Lombok, jerin girgizar wannan lokaci ya kashe mutum sama da 500. Wannan ya shafi masu kwana a ƙananan tsibiran Gili uku da ke gefen Lombok, Trawangan da Meno da Air, inda babu mota sai keke da keken doki. Trawangan ce kaɗai ke da tudu. Duk inda ka sauka a bakin teku, tambayi hanyar tudu tun ranar farko, domin girgiza na iya tayar da ƙatuwar igiyar teku ta mamaye gaɓa (tsunami). In ƙasa ta yi girgiza mai ƙarfi ko ta daɗe tana yi, kada ka jira sanarwa, nufi sama.

Na ƙarshe, takardu. Mai fasfon Nijeriya ba ya samun biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida, kuma tana ɗaukar lokaci, saboda haka kada a biya tikiti kafin ta fito. A tafi da katin rigakafin shawara. Kada a karɓi saƙon kowa a saka a jaka, komai kusanci, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Indunusiya yana kaiwa ga kisa, kuma an zartar da shi kan 'yan Nijeriya a 2015 da 2016.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar shirya tafiye-tafiye, Kano.