A koya wa yaran ƙaramar sakandare gaskiya a kimiyya tun daga kofin zobo

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu malaman kimiyya na aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare a birnin Kano, da kuma iyayen yara.

Ana yawan cewa ba a yin gwaji a aji saboda babu ɗakin gwaje-gwaje, kuma ana ware maganar ɗa'a da amana a bar wa malamin addini shi kaɗai. Mu a ganinmu abu biyun nan a wuri ɗaya suke. Yaron da bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba, bai taɓa fuskantar jarrabawar rubuta abin da idonsa ya gani alhali littafi ya faɗi wani abu daban ba. A nan ne ake fara koyon amanar kimiyya, kuma kayan aikinta suna nan a kasuwar unguwa.

Ga misali. A samu busasshen zobo cikin tafin hannu, a jiƙa a rabin lita na ruwan zafi minti goma, a tace. Kada a sa sukari ko citta ko kanumfari. A ƙara ruwa har sai ana iya hango yatsa ta bayan kofin. A yanke gorunan ruwa na roba guda huɗu su zama kofuna, a zuba zobon daidai wa daida. Na farko a bar shi haka nan, shi ne abin kwatance. Na biyu a matsa lemun tsami, na uku a ɗiga ruwan kanwa, na huɗu ruwan toka da aka tace. Mai lemun tsami ja zai ƙara haske. Mai kanwa da mai toka za su yi duhu, su karkata zuwa shuɗi, in aka ci gaba da ɗigawa su koma kore. Sinadarin da ke ba zobo launinsa ne ke sauyawa gwargwadon tsami ko kaifin abin da aka zuba masa.

Abu uku ne ke ɓata wannan gwaji. In zobon ya yi kauri, launin zai sauya amma ba mai gani. In aka juya kofuna duka da cokali ɗaya, kanwa da lemun tsami za su kashe juna. Sannan zobo da kansa yana da tsami, don haka ɗigo biyu na kanwa ba za su isa ba, sai an ƙara a hankali ana ƙirgawa. A hana ɗanɗanawa tun kafin a fara, kuma kada a kawo ruwan bilic aji ko kusa: yana cinye launin gaba ɗaya, in kuma ya haɗu da abu mai tsami yana fitar da iskar da ke cutar da numfashi.

Wurin da muke so malami ya tsaya shi ne nan. A aji mai yara da yawa, in an raba su rukuni-rukuni na mutum takwas, dole a samu rukunin da kofinsu bai koma kore ba. Abin da za su yi sananne ne: za su leƙa littafin maƙwabta su rubuta "kore". Ba mugunta ba ce, mu muka saba musu da cewa maki na mai amsa daidai ne. Maganinsa a kafa doka tun farko. A rubuta da biro, ba fensir ba. A rubuta kafin a duba na wani. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na baya. Kuma rukunin da ya rubuta "bai sauya ba, muna zaton kanwar ce ta yi kaɗan" ya samu cikakken maki, a gaban kowa. Haka nan in an shuka wake goma a gwangwani bakwai suka tsiro, bakwai za a rubuta, a tona sauran ukun a duba ko ƙwaro ne ya huda su ko ruwa ne ya yi yawa suka ruɓe.

Darasi na gaba shi ne neman izini. Auna bugun jini ya dace da wannan: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa domin shi ma yana da nasa bugun, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, sannan a sake bayan tsalle na minti ɗaya. Kafin wani ya taɓa hannun wani, sai ya faɗa masa abin da zai yi da dalilinsa, ya jira amsa. Maza da maza, mata da mata. Wanda ya ce a'a a ƙyale shi ba tare da tambaya ko tsokana ba, mai asma ko ciwon sikila kuma kada a sa shi tsalle. A allo a rubuta lamba a maimakon suna.

Bayan yara sun yi wannan da hannunsu ne ya kamata a ba su labarin da ya faru a garinsu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wato IDH. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba wanda aka saba da shi. Yara 11 sun rasu, Allah ya jiƙansu. Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izini da baki. An yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Malami ya faɗi wannan a minti biyar, ya bar sauran lokacin ga yara. Me ya kamata a faɗa wa mahaifin da bai iya karatun boko ba, kuma da wane harshe? Uwar da ɗanta ke kwance rai a hannun Allah, tana da ikon cewa a'a kuwa? Wa ya kamata ya duba aikin likitan kafin ya fara? Kowane rukuni ya kawo amsa da hujjarta, malami kada ya yi saurin yanke hukunci.

Sai dai a yi hattara, domin wannan darasi wuƙa ce mai baki biyu. In aka bar yaro ya tafi gida da tunanin cewa duk maganin bature makirci ne, an yi ɓarna. Mun ga abin da rashin yarda ya jawo a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, kuma sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na asali. Dole malami ya bayyana cewa babu maganin da ke samuwa ba tare da gwaji ba, cewa matsalar tana ga yadda aka yi gwajin ne, kuma akwai hukumomi irin su NAFDAC da kwamitocin ɗa'ar bincike na asibitoci da aikinsu shi ne sa ido.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha (SUBEB) da shugabannin makarantu guda biyu ne. A haɗa wa kimiyya lokutan darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, domin minti arba'in na ƙarewa ne kafin a gama raba kofuna. Sannan a ware wani kaso na makin gwajin cikin zango domin littafin da yaro ke rubuta abin da ya gani, a riƙa duba shi kamar yadda ake duba takardar jarrabawa.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyya na ƙananan makarantun sakandare, birnin Kano.