Wasiƙa Zuwa Madina: Kwana Tara Da Su Baba A Santambul

Kano, daren Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya zafin Madina? Na san kana cike da ni, kusan wata biyu ba ka samu komai daga wajena ba sai gajerun saƙonni. Ka yi haƙuri. Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na bari sai da na dawo gida, gajiya ta sake ni, sannan na zauna rubuto maka. Yau kwanana takwas a Kano. Yanzu haka ruwa ake yi, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin, amma har yau in na farka da asuba sai in riƙa kasa kunne ko zan ji kukan tsuntsayen teku da ƙahon jiragen ruwa.

Wata taran nan na musayar ɗalibai a Istanbul ta Turkiyya sun ƙare kamar jiya aka fara. Mun gama jarrabawa a watan Yuni, daga nan sai zirga-zirgar takardu: wannan malami ya sa hannu, wancan ofis ya buga hatimi, don kwasa-kwasan da na yi su shiga lissafi a jami'armu ta gida. Kwana huɗu na yi ina hawa bene ina sauka. Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne wata kalma da ɗan ɗakinmu, ɗan garin Konya, ya koya mini tun zuwana. Turkawa in sun tarar da mutum yana aiki sukan ce masa “kolay gelsin”, daidai da tamu “sannu da aiki”. Duk ofishin da na shiga da ita nake buɗe baki, kuma sai ka ga fuskar ma'aikaci ta saki. Ranar da na miƙa makullin ɗaki na raba littattafai da rigunan sanyi ga 'yan Afirka da za su ci gaba da zama, na tsaya a bakin ƙofa na daɗe ina kallon gadon da na yi zazzaɓin farko da kewar gida a kansa.

Washegari su Baba suka sauka, shi da Umma da Auta. Ka san Baba. Mutum ne da ba ya bari kowa ya riƙe masa kuɗi ko takarda, kuma in ana tafiya shi ne a gaba, hannu a baya, mu muna biye. To muna fitowa daga filin jirgi ya zaro fasfo uku daga aljihun babbar rigarsa ya danƙa mini, ya ce, “Riƙe. Kai ne ɗan gari, mu baƙinka ne.” Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Tun daga lokacin ni ne mai sayen katin mota, ni ne mai tambayar hanya, ni ne mai ciniki da gurguwar Turkancina, shi kuwa yana bayana yana kallo. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, fiye da duk wani gini da muka gani.

Shi ba ya cewa Istanbul, Santambul yake cewa, yadda ya ji daga bakin tsofaffi. Kwana biyun farko lokacin salla ne ya rikita su. A Yuni can rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, isha'i kuwa sai goma ta wuce, ga asuba tun kafin huɗu. Umma ta yi ta duba agogo tana cewa ko dai ya lalace ne.

Mun fara da Aya Sofiya, a nan muka yi azahar. Na sha shiga, amma ban taɓa ganinsa da idon Baba ba. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi a sakandare, yana faɗa wa yara cewa an kammala ginin a shekarar 537 a matsayin coci, Sarki Muhammadu Fatih ya mayar da shi masallaci bayan cin birnin a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a 1934, sannan aka dawo da salla a 2020. Duk wannan a allo ya sani. Da ya ɗaga kai ya ga kubbar, ga manyan faya-fayan nan takwas masu sunan Allah da Manzo (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, sai ya yi shiru. Bayan an sallame ya zauna ya kai minti ashirin bai ce uffan ba. Auta kuwa hankalinta na kan kyanwowin harabar, don a garin nan kyanwa ba ta tsoron mutum, kowa ciyar da ita yake yi.

A Tofkafi, tsohuwar fadar sarakunan Turkawa, a nan ne bakinsa ya buɗe. Tun daga ƙofar farko ya riƙe ni da labarin jakadun Mai Idris Aloma na Barno, waɗanda suka keta Sahara ta Fezan da Tarabulus suka zo wannan birni a shekarun 1570, zamanin Sarki Murad na Uku. Ya ce, “Ka ga, ba mu ne farkon zuwa ba. Su watanni suka yi a kan raƙumi da jirgin ruwa, mu kuwa tsakanin dare da safiya.” Daga nan muka shiga sashen da ake ajiye kayan da ake dangantawa da Manzo (SAW) da sahabbai, takubba da sauransu, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai alaramma a gefe yana karatu, kuma dare da rana ake yi, wani na tashi wani na zama. Umma ta yi ta hawaye. Baba ya ce ingancin kowane abu ɗaya-ɗaya sai Allah, amma mutanen da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna girmama abin da suka yi imani na Annabi ne, sun cancanci a yaba musu.

Rana guda cur muka bai wa Umma. Ka san bikin yayarmu na tafe bayan damina, don haka ta zo da dogon jerin kaya. Muka hau taragon cikin gari zuwa Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu ke saro kayan Turkiyya. Nan fa ka ji Hausa raɗau a bakin titi, har wani Baturke mai shago ya ce mana “sannu da zuwa, Hajiya”. Ta sayi labule da zannuwan gado da abayoyi, aka auna a kilo aka bai wa masu kago. Babbar kasuwar nan mai rufi mun leƙa kawai, kyau kam akwai, amma farashin na 'yan yawon buɗe ido ne, ban bari ta sayi ko tsinke ba. Mun kuma je Bursa da jirgin ruwa muka kwana ɗaya, muka yi salla a babban masallacinta mai kubba 20 da wurin alwala a tsakiyarsa, muka ziyarci kabarin Usman, wanda daular Usmaniyya ta Turkawa ta ci sunansa, da na ɗansa Orhan.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai kai. Santambul gari ne na tuddai. Ranar da za mu masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, na ce mu taka da ƙafa tunda ni na saba. Mun kai rabin hawan sai na ji an kama mini hannu. Baba ne, yana haki, gumi ya jiƙa hularsa. Bai ce ya gaji ba, ka san ba zai faɗa ba, ya dai jingina da ni muka ƙarasa a hankali. Ban taɓa sanin hannunsa ya yi sauƙi haka ba. Wata tara kacal na yi ba na nan, amma sai a ranar na ga furfurar da ƙila ta daɗe a wurin ban lura ba. Muka zauna a harabar baya inda ake hango ruwa da jirage, na sayo masa shayi a ƙaramin kofin gilashin nan nasu. Tun daga ranar ban ƙara sa shi hawan tudu ba, ko nan da can ne sai mota.

Ranar Juma'a muka je unguwar Ayyub, kuma a nan ne na fi tunawa da kai. Can ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari (RA), wanda taguwar Manzo (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi har aka gama gina masallaci da ɗakuna. Da tsufansa ya fito yaƙi a zamanin Mu'awiya (RA), ya rasu a bakin ganuwar wannan birni. Na tsaya ina tunanin kai kana taka inda gidansa yake kusan kullum, ni kuma ga ni a inda ya kwanta. Baba ya yi masa sallama da addu'a, ya ce mana, “Wannan shi ne mai masaukin baƙi na gaskiya.” Harabar cike take da yara maza sanye da fararen kaya da alkyabba da 'yar sanda, kamar ƙananan sarakuna. Na bayyana wa Umma cewa waɗanda za a yi wa kaciya ne ake kawo su ziyara tukuna. Abin ya burge ta ƙwarai, har ta roƙi wata uwa suka ɗauki hoto da ɗanta.

Daren ƙarshe Umma ta fito da kuka da daddawa da yajin da ta zo da su, ta tuƙa tuwon shinkafa a gidan da muka kama. Na kira ɗan ɗakinmu, wanda ya ɗage tafiyarsa Konya don ya gaisa da su. Ya sumbaci hannun Baba ya kai goshi, yadda suke yi wa manya, ya zauna ya ci tuwo da hannu har ya nemi ƙari. Shi ba Hausa, su ba Turkanci, ni ne tafinta har tsakar dare. Da safe ya sake dawowa ya taya mu loda kaya. Motar na tashi sai ya zuba ruwan gora a bayanmu. Umma ta juya a firgice, na ce mata al'adarsu ce ta sallamar matafiyi, suna cewa ka tafi kamar ruwa, ka dawo kamar ruwa. Ta ce Allah Ya yi masa albarka. Ni kuwa ban iya juyawa na dube shi ba.

Yanzu saura zango biyu in gama, kuma na fasa zancen zama a makaranta, daga gida zan riƙa zuwa don in riƙa kai Baba masallaci da asibiti. Na ajiye maka carbi da kwalin alawar lokum, suna wajen Umma har ka zo hutu. Ka rubuto mini ranar zuwanka don in tare ka a filin jirgi. In ka shiga Rauda ka sa Baba a addu'a, Allah Ya ƙara masa lafiya. Umma da Auta suna gaishe ka, ka gaida mini 'yan ɗakinku.

Wassalam.

Naka har kullum,
Abokinka